Zaren Inna, Abawar Yara

Darasin al'adun gargajiya ba wanda ya nema a makarantarmu. Ni aka ba, don na yi lattin zuwa ranar rabon darussa, ɗan acaɓan da ke kawo ni daga Ikara ya yi faci a hanya. Ina shiga ofis hedimasta ya ce, "Malama, kin dace da mai sauƙi. Tatsuniya ce da 'yar waƙa." Sauran malamai sai murmushi suke yi kamar an yi mini kyauta. Na ce to. Ni dai tun ina yarinya to ta fi mini sauƙi a baki fiye da gardama.

Firamare ce a wani ƙauye gefen Saulawa, ƙauyen da aka haife ni. Zangon farko a kan allo na yi shi kaf. In zana ƙwarya, in zana faifai, in rubuta a ƙasa cewa kaɗi sana'ar mata ce ta gargajiya, yara su kwafe. Ranar da na zana mazari wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, alawar tsinke ce?" Ajin ya kwashe da dariya, ni ma da na ja baya na duba sai na ga bai yi ƙarya ba. Suka rubuta jarrabawa suka ci, ba wanda ya taɓa auduga da hannunsa. Hakan bai dame ni ba ko kaɗan.

Hedimasta ne ya dawo daga wani taro da sabuwar magana, wai an ce darasin nan a aikace ake son sa. Ya dube ni ya ce, "Ba innarki na kaɗi ba? Ga ta nan bayan masallaci, me za mu je nema a wani gari?"

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin Goggo a Ikara, can na girma, can na yi aure. In na zo gaishe ta sai ta kau da kai ta dubi bango ta ce, "An zo lafiya?" Da na zama malamar makaranta sai ta samu mafita, ta riƙa cewa Malama, shi ma ba a gabana ba. Ban ga laifinta ba, alkunya ce, ita ma haka aka yi mata. Amma abin da ya biyo baya shi ne na san ta kamar yadda ake sanin maƙwabciya mai kirki. 'Ya'yan maƙwabta sun koyi kaɗi a gindinta, ni ko riƙon mazari ban iya ba.

Duk ƙauyen an san abin da take kaɗawa. Tun rasuwar Baba ta fara tara zaren likkafaninta. Ta ce mahaifiyarta da zaren hannunta aka rufe ta, ita ma ba za ta tafi cikin yadin kanti da ba ta san hannun da ya taɓa shi ba. Ƙanena, wanda take zaune a gidansa, yakan ce, "Inna, ai fari duk fari ne." Sai ta ce, "Ka ji shi. Ba a fafe gora ranar tafiya." Tana da 'yan bishiyoyin audugarta a bayan ɗaki, ba ta yarda akuya ta raɓe su.

Ban iya tambayarta baki da baki ba, matar ƙanena na aika. Amsa ta dawo cewa a gaya wa Malama in dai ba za a sa ta rubutu ba, za ta zo.

Ranar Alhamis ta zo da 'yar taskirarta a ka, da tabarma a hammata. Aka kawo mata benci ta ce ita ba alƙali ba ce. Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ta fito da dutse mai santsi da ɗan ƙarfe, ta fara gurzar auduga, angurya na faɗuwa gefe. Ta ɗauko bakan shiɓa ta riƙa fizgar tsirkiyarsa cikin audugar har ta tashi ta yi laushi kamar kumfar sabulu. Yaran da ba sa iya zama shiru ko da bulala suka yi tsit. Sai ta dangwali alli, ta murza mazari, zare ya fara fitowa daga tsakanin yatsunta, siriri, ba gargada. Ni ma ranar na fara ganin abin daga kusa, a tsaye, da bulalata a hannu.

Maza suka ce su ba za su yi kaɗi ba, aikin mata ne. Ta ce, "To angwayena, ku zo ku yi mini gurza, in ba haka ba in fasa auren." Suka zo suna fushi suna dariya. Kafin zangon ya yi nisa su ne suka fi kowa rububin mazari. Mazaran ma su suka yi, ta sa suka ɗebo yumɓu a bakin rafi, kowa ya mulmula nasa ya soka masa tsinke, aka shanya, ta kai gida ta gasa a murhu. Da allinta na ƙonannen ƙashi ya ƙare ta karɓi namu na allo, ta murza ta ce wannan ba shi da ƙarfi, shi ya sa karatun yanzu bai zama a kai.

Hannunsu take kamawa. Akwai wata yarinya 'yar ƙarama a aji huɗu, mai wushirya, kullum da majina. Inna takan jawo ta jikinta, ta ɗora yatsunta a kan na yarinyar, su murza tare, tana cewa, "Sannu-sannu, ba kokawa ake yi da shi ba." Ina kallo daga inda nake tsaye. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, mace da 'ya'yana ina jin haushin yarinya mai majina. Bai daɗe ba ya wuce, na koma kallon agogo.

Yarinyar nan ce ta tambaya wata rana. "Kaka, me za ki yi da zaren nan duka?"

"Likkafanina," in ji Inna, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Sai yaron alawar tsinke ya ce, "To yaushe za ki mutu?"

Na ɗaga bulala, Inna ta kau da kai daga gare ni ta ce wa bishiya, "A bar shi." Ta dube shi ta ce, "Sai na gama mana. Ka taɓa ganin an tafi biki ba a yi ɗinki ba?" Na zaci iyaye za su zo da ƙorafi, ba wanda ya zo. Yaran ƙauye sun saba ganin an wuce da makara ta ƙofar gidansu.

Zaren yaran kuwa abin tausayi ne. Kauri kamar igiyar guga, nan ya kumbura, can ya sirance, ga ƙulli ko'ina. In an tashi sai in tattara, niyyata a ɗaure tsintsiyar shara da shi. Tun ranar farko Inna ta ce wa iska, "A bar mini nan." Na bar mata. Na ɗauka irin halin tsofaffi ne da ba sa iya ganin an yar da ko tsumma.

Da damina ta yi tsakiya hannunta na dama ya fara rawa. Da farko ta ce sanyi ne. Zarenta ya fara tsinkewa, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Wata Alhamis ta ajiye mazarin cikin taskira ta rufe da faifai, daga nan da baki take koyarwa, sai kama hannun da ba ta daina ba. Ranar nan da muka tashi tana naɗe tabarma ta ce, ba ta dube ni ba, "Da za a samu masaƙi."

Wannan ce buƙata ta farko da ta taɓa kawo mini a duniya, ko da yake ba da sunana ta kawo ta ba.

Masaƙan yankinmu sun ƙare. Wasu sun rasu, 'ya'yansu sun koma noman tumatir da barkono. Na yi tambaya a Ikara aka ce sai dai Makarfi. A Makarfi wani mai sayar da gwado ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye bayan Kudan da har yanzu yake zama a masaƙa in an ba shi aiki. Ranar Asabar na ɗauki buhun da matar ƙanena ta miƙo mini na tafi.

Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin rumfar kara, siririn tsoho, ido ɗaya ya yi fari. Ya zaro dunƙule ɗaya, ya ja zaren tsakanin farce biyu, ya sa a haƙori ya ja. Ya ce, "Wannan hannun na da ne. Mai shi tana raye?" Na ce tana raye. Na gaya masa ko na mene ne. Ya yi ta fito da dunƙulen yana jerawa a kan tabarma.

Ya ce, "Hajiya, na tsaye ya isa, har da saura. Ina abawar?"

Na ce ban gane ba. Ya ce saƙa zare biyu take ci. Akwai mai ƙarfi, wanda aka murza sosai, shi ake miƙewa a tsaye, irin na Inna ke nan. Akwai kuma abawa, mai kauri da laushi, ita ƙoshiyar saƙa ke ɗauka tana gittawa. Ya ce in ina so ya cika da zaren kanti, ba wanda zai gane. Na ce mai shi za ta gane.

Ya juye buhun don ya kakkaɓe, sai ga wani ƙunshi ya faɗo, an ɗaure cikin tsohon ɗankwali. Ya kwance. Zaren yarana ne, an bi shi an haɗa tsinkakku, an naɗe dunƙule-dunƙule. Ya ɗaga ɗaya kusa da idonsa mai gani ya yi dariya har da tari. "Wa ya kaɗa wannan? Da ƙafa aka yi?" Na ce 'yan firamare ne. Ya ce, "To ai ga abawa nan. Ba ta da kyau, amma za ta yi. Sai dai ko rabi ba ta kai ba."

Ashe tun ranar farko Inna ta san abin da take tarawa, da wanda ya rage mata.

Alhamis ta gaba na gaya wa yara yadda ake ciki, ban rage komai ba. Na ce hannun Kaka ya gaji, zarenta ya isa, abawa ce ba ta isa ba, kuma tasu ce za a saka. Inna na zaune tana ɓare gyaɗa kamar da wata ake. Ban taɓa ganin yara sun ɗauki aikin makaranta da gaske irin haka ba. Suka fara tafiya gida da mazaransu. Wata uwa ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Malama, auduga har cikin miya." Audugar bayan ɗaki ta ƙare, mahaifin wani yaro da ke noma wajen Furana ya aiko da wadda ta kwana masa tun bara, ya ce sadaka ce. Darasin tatsuniya da waƙa kuwa sai na manta da su, hedimasta bai tambaya ba.

Duk abin da ya taru sai in ba wani direba da ke bin hanyar Kudan. Tsohon da safe kawai yake saƙa, in rana ta yi ido ya daina gani. Da kaka ta zo kuma ya tafi taya 'ya'yansa girbi. In na buga wa ɗansa waya ya ce saura kaɗan. Inna ba ta taɓa tambayata ba. Matar ƙanena take tambaya, "An ji labarin Kudan?" Ita kuma ta tambaye ni, in ce saura kaɗan, ta mayar mata.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya kama Inna, irin wanda ta saba tashi daga shi. Ina aji da hantsi aka aiko in zo gida. Na ajiye alli, na ce wa monita ya rubuta masu surutu, na tafi da ƙafa, ban yi gudu ba. Na tarar an rufe ta da zanenta. Mata na kuka. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira in ji wani abu, ban ji ba. Abin da na lura da shi kawai kaza ta hau kan taskirarta, na kore ta.

Na fita bayan ɗaki wurin audugar na buga wa ɗan masaƙi waya. Ya yi salati, ya ce ai jiya da yamma babansa ya yanke saƙar daga masaƙa, ana jiran mai zuwa ne. Na ce ya ɗora wa ɗan acaɓa yanzu-yanzu. Na aika aka kira mini ƙanena daga zaure.

Ya ce, "Yaya, daga Kudan? Yau fa kasuwar Makarfi ke ci."

Na ce, "Ka jira."

Ya jira, ba zan ci haƙƙinsa ba. An riga an aika Ikara an sayo yadi, an gama haƙa kabari, mutane sun cika ƙofar gida cikin rana, ya yi ta ba su haƙuri har aka yi azahar. Na buga wa ɗan acaɓan waya, sau ɗaya ya ɗauka, ban ji komai ba sai ham ɗin motoci. Bayan an sallame salla ƙanena ya sake zuwa, idonsa ja wur. Ya ce, "Yaya, liman ya ce ba a ajiye gawa saboda ƙyalle. Ko ya iso ma ai sai an ɗinke shi. Ki yi haƙuri."

Na san gaskiya ya faɗa. Na ce to.

Tsofaffi suka yi mata wanka, ni na riƙa miƙa ruwa. Yadin fari ne tas, yana ƙamshin kanti, da wani shuɗin tambari a gefe da aka yage aka yar. Ya yi mata daidai. Aka fitar da ita.

Maza na dawowa daga maƙabarta ɗan acaɓan ya iso, tare suka shigo layin, da buhu ɗaure a bayansa. Ya yi ta ba da labarin yadda motocin rake suka toshe hanya a Makarfi, ko babur ba ya wucewa, sai da ya zagaya ta gonaki. Ya nemi ruwa, na ɗebo masa a kwano, ya shanye, na ƙaro. Goggo ta kama hannuna ta ce, "Ki yi kuka, 'yar nan, kada ya zauna miki a ciki." Na gwada, bai zo ba. Mata suka riƙa yabona a wurin zaman makoki, wai alkunyar 'yar fari ce, wai an ga tarbiyya. Ba alkunya ba ce. Babu komai ne a wurin.

Saƙar ta zo a sirara-sirara, kowace faɗin tafin hannu, ba fara tas ba, launin madarar da aka dafa. Na kai aka ɗinke mini ita. Da na koma gida na shimfiɗa na kwanta a kai don in gani. Inna gajera ce, da awonta aka yi, ƙafafuna duk a waje suke. Na ninke na mayar cikin buhu.

Har yau ni ke da darasin nan, ba wanda ya ƙwace. Yara sun gaji mazaran yayyensu, abawa ta cika kwalaye a bayan ƙofar ofis, hedimasta na cewa ɓeraye sun samu katifa. Zaren tsaye ne babu mai iya kaɗa shi, tsohon Kudan ma ya daina zama a masaƙa. Amma ranar da na fi tunawa ita ce Alhamis ta farko da na koma bayan makoki.

Na zo musu da saƙar, don aikinsu ne. Na shimfiɗa tabarmar Inna ƙarƙashin dalbejiya na baza ta a kai. Suka rufe ta da kawuna. Kowa na neman ƙullinsa, wannan ya ce ga nawa, wancan ya ce ƙarya ne nasa ne, har sai da na raba faɗa. Yarinyar nan mai wushirya ba ta shiga rububin ba. Tana tsugune tana shafa gefen ƙyallen da yatsa ɗaya.

Ta ce, "Malama, in ga shi nan, me aka sa mata?"

Na ce, "Yadi."

Ta ja majina ta ce, "Ba mu yi sauri ba ne?"

Na ce, "Kun yi sauri. Hanya ce ta toshe."

Ba a kaɗa ƙararrawa ba tukuna, ni kuma ban shirya wani darasi ba, sai na ce kowa ya ɗauko mazarinsa. Benci na cikin aji, na ji ƙyuyar aikawa a ɗauko, na zauna a kan tabarmar. Taskirar Inna na gefena, na buɗe faifan, na ɗauki mazarinta don kada in zauna hannu sake. Na dangwali alli yadda na ga ana yi, na murza. Ya faɗi. Na sake, audugar ta tsinke a hannuna.

Yarinyar ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa. Ta ce, "Ba haka Kaka ta ce ba. Kawo hannunki."

Ta ɗora yatsunta a kan nawa, masu ɗumi, duk alli. Ta ce, "Sannu-sannu, ba kokawa ake yi da shi ba." Na bar mata hannun. Muka murza tare, mazarin ya tsaya da ƙafarsa, zare ya fara fitowa, mai kauri, nan a kumbure can a sirance. Abawa ce.